Barci da Lafiyar Jiki: Tambayoyi da Amsoshi Daga Katsina

Waɗannan tambayoyi ne da ake yawan ji a majalisa, a layin ganin likita da kuma cikin gida, daga birnin Katsina har Daura. An amsa kowace da abin da binciken likitoci ya tabbatar, sannan aka auna shi da abin da iyaye da kakanni suka saba yi. A wurare da yawa maganar manya ta fito daidai, a wasu kuma tana buƙatar ɗan gyara. Wanda ciwo ya dama, asibiti zai nufa, karatun nan bai ɗauke masa zuwa ba.

Awa nawa ya kamata mutum ya yi yana barci?

Baligi yana buƙatar awa 7 zuwa 9 a kwana ɗaya. Wanda ya haura shekara 65, awa 7 zuwa 8. Matashi ɗan shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar awa 8 zuwa 10, ɗan firamare mai shekara 6 zuwa 12 kuma awa 9 zuwa 12. Jariri ɗan wata 4 zuwa shekara guda yakan yi awa 12 zuwa 16, har da na rana.

Yanzu a yi lissafin a ƙasarmu. A Katsina alfijir yana ketowa wajajen ƙarfe 5, ya ɗan yi gaba ko baya gwargwadon lokacin shekara. Mai son ya samu awa 7 kafin ladan ya kira assalatu, dole barci ya ɗauke shi kafin ƙarfe 10. Kakanninmu ba su taɓa zama sun yi wannan lissafi ba, amma tsarin rayuwarsu ya yi musu. A yi isha'i wajajen ƙarfe 8, a ɗan taɓa hira, yara su ji tatsuniya ɗaya ko biyu, a hure fitilar ƙwai. Ƙarfe 9 gari ya yi tsit sai kukan karnuka. Mu kuwa mun riƙe tashin asubar yadda muka gada, sai muka ja lokacin kwanciya zuwa sha biyu ko ɗayan dare. Awa 4 ko 5 ke nan. Gajiyar da mutane ke kuka da ita, suna ɗora wa shawara ko taifot, tana iya zama daga wannan giɓin take.

Me jiki ke yi a lokacin barci? Ba hutu ne kawai ba?

Barci zagaye-zagaye yake tafiya, kowane zagaye kimanin minti 90, ana yin huɗu zuwa shida a dare. Barci mai nauyi, irin wanda ko an tashi mutum sai ya ɗan jima bai san inda yake ba, ya fi yawa a farkon dare. A lokacinsa ne bugun zuciya ke lafawa, awon jini ya sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari, jiki ya saki sinadarin da ke sa yara girma kuma yake gyara tsokar da ta gaji. Barcin mafarki kuwa ya fi yawa a ƙarshen dare, kusa da asuba, kuma yana da hannu wajen daidaita zuciya da tunani.

Karatu ma da barci yake zama. Abin da yaro ya biya a allo da yamma, ƙwaƙwalwa tana sake bi ta kansa cikin dare tana kafe shi. Ɗalibin da ya kwana ido biyu yana haddar jarrabawa ya cuci kansa ta nan.

Wace illa ƙarancin barci ke yi?

Dare ɗaya ko biyu ba komai, jiki yana ramawa. Matsalar ita ce a mai da shi ɗabi'a. Masu yin ƙasa da awa 6 shekara da shekaru sun fi shiga haɗarin hawan jini, ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki da ciwon suga. Kwanaki kaɗan na ƙarancin barci sun isa su sa jiki ya rage jin aikin insulin, sinadarin da ke kwashe suga daga jini. Yunwa ma tana ƙaruwa, musamman kwaɗayin zaƙi da maiƙo. A wani bincike da aka wallafa a 2015, masu bincike a Amurka sun ɗiga wa mutum 164 ƙwayar cutar mura a hanci da yardarsu, suka tarar masu barcin ƙasa da awa 6 sun ninka masu yin sama da awa 7 kamuwa wajen sau huɗu.

Wadda ta fi saurin kisa ita ce ta kan titi. Wani bincike da aka yi a Ostireliya a 1997 ya nuna wanda ya yi awa 17 idonsa biyu, hankalinsa da saurin hannunsa suna raguwa kamar na wanda ya sha giya zuwa matakin da ƙasashe da yawa suka hana tuƙi. Direban da ya tashi asuba, ƙarfe 10 na dare ya cika awa 17 ɗin. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya, don haka gyangyaɗin daƙiƙa huɗu a hanyar Katsina zuwa Kano ya fi mita 100 ba mai riƙe da sitiyari. Sauke gilashi da ƙure rediyo ba sa korar barci. A faka a wuri mai aminci, a runtsa minti 20.

Manya suna cewa hira bayan isha'i ba ta da albarka. Akwai hujjar likitanci a ciki?

Akwai, kuma mai ƙarfi. Maganar tasu daga hadisi take: Abu Barza ya ruwaito, kamar yadda ya zo a Bukhari, cewa Annabi (SAW) yana ƙin barci kafin isha'i da hira bayanta. Ta ɓangaren jiki, akwai agogo a cikin ƙwaƙwalwa da ke bin haske da duhu. Idan duhu ya shiga, jiki yana sakin melatonin, sinadarin da ke sanar da gaɓoɓi cewa dare ya yi. Haske mai ƙarfi da daddare yana jinkirta shi. Masana uku, Jeffrey Hall, Michael Rosbash da Michael Young, sun samu kyautar Nobel a 2017 saboda gano yadda wannan agogo ke aiki a cikin ƙwayoyin halitta.

Amma kada a ɗora wa hasken waya laifin duka. Abin da ke cikin wayar ya fi hasken hana barci. Mutum ya kwanta da niyyar duba saƙo ɗaya a WhatsApp, sai ga shi a TikTok ƙarfe ɗaya, ko yana musun siyasa a Facebook zuciyarsa na tafasa. Wasannin ƙwallon Turai na tsakiyar mako sukan tashi ƙarfe 10 ko 11, a fito daga gidan kallo a tsaya gardama wajen mai shayi, gobe kuma akwai makaranta. Dabarar da ta fi aiki mai sauƙi ce: a bar waya a caji nesa da shimfiɗa, a tsayar da lokacin tashi guda ɗaya kullum har da Asabar da Lahadi, kuma a fita hasken rana da hantsi. Tsohon da ke zama a ƙofar gida yana shan hantsi yana amsa gaisuwa, agogon jikinsa yake saitawa ko da bai sani ba.

Ƙailula tana da amfani, ko lalaci ne?

Tana da amfani. Jiki da kansa yana yin sanyi tsakanin ƙarfe 1 da 3 na rana, ko mutum ya ci abinci ko bai ci ba. Aya ta 58 a Suratun Nur ta ambaci lokacin da ake tuɓe tufafi da tsakar rana cikin lokuta uku da yara za su nemi izini kafin su shiga ɗaki, wato hutun rana tsohon abu ne sananne. Duk wanda ya tashi a unguwannin cikin birni, irin su Ƙofar Soro ko Yarinci, ya san wannan hoton: bayan azahar dattijo ya shiga zaure, ya cire hula ya kifa a gwiwa, ya jingina da bango a kan buzu, carbi a hannu. Can sai carbin ya tsaya. Kafin la'asar ya farka ya nemi buta.

Tsawon nan nasa shi ne daidai, minti 20 zuwa 30. Idan ta kai awa guda mutum ya faɗa barci mai nauyi, ya tashi jiki a mace, kai na sarawa.

Sai barcin bayan la'asar, wanda iyaye mata ke tashin yaro a kansa suna cewa yana kawo hauka. Ruwayar da ake jingina maganar da ita malaman hadisi sun raunana ta, kuma likitanci bai nuna yana taɓa hankali ba. Duk da haka Inna ba ta yi kuskuren tashinka ba, don barcin yamma yana cinye na dare, ka wayi gari kana juyi har ƙarfe biyu.

Mahaifina ya haura 70. Ƙarfe 3 yake farkawa, yana cewa tsoho ba ya buƙatar barci. Haka ne?

Rabin maganar Baba gaskiya ce. Da shekaru, barci mai nauyi yana raguwa, motsi kaɗan ya tashe shi, agogon jikinsa kuma yana matsowa gaba: barci ya zo da wuri, farkawa ta zo da wuri. Idan ya kwanta ƙarfe 9, ya farka 3, ya yi alwala ya yi nafila, ya ɗan koma bayan asuba, ya yi ƙailula, kuma ya wuni garau yana harkokinsa, to a ƙyale shi. Raba barci gida biyu ba baƙon abu ba ne. Masanin tarihi Roger Ekirch ya nuna Turawa ma haka suke yi kafin zuwan lantarki, suna da barcin farko da na biyu, a tsakani su yi addu'a ko hira.

Inda maganar ba ta cika ba shi ne buƙatar jikinsa ba ta ragu sosai ba, samun barcin ne ya yi wuya. Kuma sau da yawa akwai dalilin da ake iya magancewa, sai a lulluɓe shi da kalmar tsufa. Tashi fitsari sau uku ko huɗu a dare na iya zama ciwon suga, ko kumburin furostet, wata gaɓa da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, ko kuma maganin hawan jini mai sa fitsari da ake sha da yamma maimakon da safe. Ciwon gwiwa da baya suna hana juyi. Tsohuwar da mijinta ya rasu, 'ya'ya suka watse Abuja da Legas, takan kwana tana tunani ba ta gaya wa kowa ba, ga rashin cin abinci, ga janye jiki daga mutane. Wannan ciwon damuwa ne, kuma yana da magani.

Yadda za a tunkari maganar ma abin lura ne. Dattijo ba ya son ɗan cikinsa ya zo yana karanta masa dokoki. A zauna bayan an gaisa, a ce, "Baba, yaya kwanan jiya? Sau nawa kuka fita?" A saurara. Idan za a je Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Babban Asibitin Katsina, a tafi da duk magungunan da yake sha a leda, har da na gargajiya, likita ya gani da idonsa. A kuma gyara masa hanyar bayan gida: tocila kusa da matashi, a kawar da tabarma mai naɗewa da igiyar shanya. Faɗuwar dare tana cikin abubuwan da ke karya ƙugun tsofaffi, kuma karayar ƙugu a wannan shekarun ba ƙaramin abu ba ce.

Kakata goro take ci har dare kuma tana barcinta. Me ya sa ake hana mu shayi?

Goro yana ɗauke da kafeyin, sinadarin da ke cikin kofi, ganyen shayi da lemukan ƙara kuzari. Aikinsa shi ne toshe saƙon gajiya da ke taruwa a ƙwaƙwalwa tun safe. Bayan awa 5 zuwa 6 rabinsa yana nan a jini, a jikin mai ciki kuma ya fi haka daɗewa. Mutane sun bambanta wajen saurin narkar da shi, kuma wadda ta shekara 50 tana ɓantarar goro jikinta ya saba. Sai dai ko barcin ya zo, nauyinsa yana raguwa. Mai fama da rashin barci ya tsayar da goro da shayi mai kauri daga azahar. Shayin da samari ke dafawa a ƙaramar buta a kan gawayi, a zuba a ƙananan kofuna zagaye uku har tsakar dare, shi ma yana hana barci sosai.

Maigidana yana minshari har maƙwabta na ji. Ciwo ne?

Hajiya, ki saurare shi wani dare. Idan minsharin yana tafiya sai ya yanke ɗif, shiru na daƙiƙa 10 ko fiye, sannan ya ja numfashi da ƙarfi kamar wanda aka shaƙe, to maƙogwaronsa ne ke rufewa. Yana iya faruwa sau da dama a awa ɗaya shi bai sani ba. Alamominsa da rana: ciwon kai da safe, bushewar baki, gyangyaɗi a masallaci ko a kan kujerar ofis, da hawan jinin da ya ƙi jin magani. Ya fi kama masu ƙiba da kaurin wuya, kuma yana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Rage ƙiba da kwanciya a gefe suna taimakawa, mai tsanani kuma akwai na'urar CPAP da ke hura iska ta hanci. Ki ɗauki sautin a waya, don maza ba sa yarda suna yi.

Mene ne dannau?

A lokacin barcin mafarki ƙwaƙwalwa tana kashe tsokokin jiki don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani. Wani lokaci hankali ya farka kafin jiki ya saku. Sai mutum ya ji komai, ya kasa motsi, ya kasa ihu, ƙirji ya yi nauyi, har ya ga kamar wani na tsaye a kansa, saboda guntun mafarkin bai gama wucewa ba. Yana wucewa cikin daƙiƙoƙi ko mintuna kaɗan, ba ya kisa. Ya fi zuwa ga mai kwanciya rigingine, mai bashin barci, da mai damuwa. Shawarar manya ta yin alwala, addu'a da kwanciya a gefe ta dace da shi sarai, tana kwantar da hankali kuma tana hana rigingine.

Gefen dama ko na hagu?

Sunna ita ce a fara da dama, kamar yadda ya zo a hadisin Bara'u ɗan Azib. Cikin dare kowa yana juyawa ba da saninsa ba. Mai ƙwannafi yakan fi samun sauƙi a hagu, ya kuma bar awa 2 zuwa 3 tsakanin tuwon dare da kwanciya. Mai ciki daga wata na bakwai ta kwanta a gefe, kowanne, ban da rigingine. Jariri kuwa akasin haka ne: rigingine ake kwantar da shi har ya shekara, a shimfiɗa mai ɗan tauri, ba filo, ba a rufe masa fuska. Nan ne ake samun saɓani da kakanni masu kifa jariri wai don kada ya shaƙe da tumbuɗi. Bincike ya nuna kifawar ce ke ƙara haɗarin mutuwar jarirai cikin barci, kuma ƙasashen da suka koma kwantarwa rigingine tun shekarun 1990 sun ga adadin ya faɗi sosai. A faɗa wa Gwaggo cikin ladabi, amma a faɗa.

Ga zafin bazara, ga ba wuta. Yaya za a yi?

Jiki sai ya ɗan huce kafin barci ya kama shi, shi ya sa watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40, suke da wuyar kwana. Ginin ƙasa mai kaurin bango da rufin azara yana jinkirta shigar zafi, ɗakin bulo mai rufin kwano ba silin kuwa tanda ne. Dabarun tsakar gida har yanzu suna aiki. Da magariba a yayyafa ruwa a ƙasa, a bari ƙamshin turɓaya ya tashi ya lafa, a watsa ruwa a jiki, a shimfiɗa tabarma a waje, a ajiye ruwan randa kusa. Abin da za a ƙara kawai shi ne gidan sauro, a ɗaura shi ko da tsakanin turmi da bishiyar darbejiya ne, domin sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro daga faɗuwar rana zuwa asuba yake cizo, ya fi yawa kuma da damina.

Hunturu nasa haɗarin daban. Kaskon gawayi a ɗaki rufe, ko janareto a baranda kusa da taga, suna fitar da iskar guba marar wari da ke kashe mutane cikin barci, wani lokaci gida guda. Umarnin kashe wuta kafin kwanciya yana cikin hadisi, manya kuma sun riƙe shi. A ɗumama ɗakin, a fitar da kaskon, sannan a kwanta.

Da azumi fa, ga asham, ga tahajjud, ga sahur?

A tara awannin a guntu-guntu: kwanciya da an dawo asham, wani bayan asuba ga mai hali, da ƙailula. Abin da ke cinye daren azumi ba sallah ba ce, zaman da ke tsakanin asham da tahajjud ne. Hadisin Nana A'isha ya ce wanda gyangyaɗi ya kama yana sallah ya kwanta har barcin ya sake shi. Direbobi da masu aiki da injin su fi kowa kiyayewa a goman ƙarshe.

Zan iya sayen maganin barci a kemis?

A'a, sai da likita. Diazepam da danginsa suna kama jiki cikin 'yan makonni, daga nan mutum ba ya iya barci sai da su, kuma barinsu farat ɗaya na iya kawo jijjiga. Piriton da wasu ke sha don barci yana rikita tsofaffi, ya riƙe musu fitsari, ya jawo faɗuwa. Maganin tari mai kodin kuwa gwamnatin tarayya ta hana haɗa shi da shigo da shi tun Mayun 2018 saboda ɓarnar da ya yi wa matasa. Idan rashin barci ya kai dare uku a mako har wata uku, ya zama ciwon da ake ganin likita a kansa, kuma matakin farko gyaran ɗabi'a ne. Misali, in an yi kamar minti 20 ana juyi, a tashi a zauna cikin haske kaɗan, a yi tasbihi ko karatu, sai barci ya zo a koma. A daina duba agogo.

Mun baro ƙauye saboda 'yan bindiga. Ko ƙofa aka buga sai in zabura, ba na iya barci. Me zan yi?

Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Mutane da yawa daga yankunan Batsari, Jibiya, Safana da Ƙanƙara suna cikin irin halin nan, ciki har da yara, waɗanda nasu yakan fito ta fitsarin kwance ko firgita cikin dare. Jikin da ya daɗe yana kwana da kunne ɗaya a buɗe ba ya saurin yarda cewa an tsira. Wannan ba raunin imani ba ne. Kwana kusa da 'yan'uwa, tsayar da lokacin kwanciya, azkar, da samun wanda za a faɗa wa abin da aka gani suna rage shi, kuma ga mutane da yawa yana lafawa a hankali. Kada a daki yaro don ya jiƙa shimfiɗa. Idan an wuce wata guda mugun mafarki yana dawowa, ko abin da ya faru yana faɗo wa mutum da rana kamar yanzu ake yi, ko tunanin cutar da kai ya fara zuwa, a je asibiti a nemi sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, a tafi da wani ɗan'uwa da zai taya bayani.